Likkafanin Hajiya Mairama Ya Je Hutu

Duk wanda ya san Hajiya Mairama ta unguwar Rusaifa ya san ba ta kwana a wajen Makka. Jidda tana zuwa idan biki ya kama ko dubiya, amma tun la'asar sakaliya za ta fara duban agogo tana tambayar wa zai mayar da ita gida. Madina ce kaɗai ta samu sassauci. Dalilinta kuwa ba ɓoyayye ba ne, kowa ta samu sai ta karanta masa: mahaifinta, Malam Nasrullahi, ya taso daga ƙasar Gobir da ƙafa, shekara bakwai yana hanya, yana noma a gonakin mutane a Sudan don ya samu guzuri, ya ƙetare teku a wani jirgin katako mai yoyo, duk don ya mutu a Makka a yi masa salla a Harami. Ya samu abin da ya zo nema. Mijinta Hadi ma ya samu, shekara shida ke nan. To ita da aka haifa a unguwar Misfala, ta tashi da kiran sallar Harami a kunne, ba za ta je ta yi wa kanta sakiyar da babu ruwa ba, ajali ya riske ta a garin da ba ta ma san sunan maƙabartarsa ba.

Autarta, Manal, malamar makarantar 'yan mata ce a unguwar Shisha, kuma taurin kan uwar ta ɗebo kaf ba ta rage wa yayyenta ba. Ita ce ta fara lura cewa tun rasuwar Hadi tsohuwar ta koma kamar mai jiran mota da kaya a ɗaure. Ta raba zinarenta wa jikoki. Manyan tukwanen da take dafa tuwon salla ta aika wa surukarta. Takalminta ya cinye ta gefe guda, aka ce a saya sabo, ta ce asara ce, wa zai ƙarasa shi? Kuma lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwoyi, ga cin abinci kamar manomi. Abin yana ba Manal dariya a gaban mutane, amma idan ta shiga mota ita kaɗai kuka take yi.

Ranar wata Alhamis ta zo da waya a hannu, ta zauna kusa da uwar ta fara nuna mata hotuna. Tsibiran Maldif, ta ce. Ɗakuna a bisa ruwa, ruwan kuwa shuɗi mai haske har ana ganin yashin ƙasansa, ga bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo. Hajiya Mairama ta gyara tabarau ta duba sosai, ta yi tasbihi, ta ce Allah mai iko, sannan ta tambaya ko ambaliya ce ta cinye musu gari. Da Manal ta ce a'a, da gangan aka gina haka, kuma ta riga ta kama musu ɗaki na kwana biyar su biyu, sai tsohuwar ta miƙa mata wayarta ta ce Malam Nasrullahi ya ƙetare teku sau ɗaya a madadin zuri'arsa duka, an gama wannan.

Mako biyu ana fama. Aka sa yayye suka yi magana, ba ta ji ba. Aka sa Ɗaso, ƙawarta ta bene na biyu, ita kuwa maimakon ta gyara sai ta ƙara dagula lamarin, don ta ce ta ji a can kifi ne ke kawo wa mutum gaisuwa har bakin ƙofa. A ƙarshe Manal ta daina nuna hotuna. Ta zo da yamma ta tarar da uwar tana tsince shinkafa, ta tsaya a bakin kicin ta yi maganar da Hausarta mai tafiya da sandar Larabci.

"Ya Ummi, shekara shida kina shirin tafiya wurin Baba. Ni kwana biyar bas nake roƙo. Ki yi tafiya ɗaya wurina."

Hajiya Mairama ba ta ɗago ba. Ta tsince tsakuwar da babu ita a cikin shinkafar, ta daɗe tana haka. Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce, kuma ba ta san yarinyar tana gani ba. Can ta ce za ta je, amma da sharaɗi ɗaya, kuma ba a ja da shi: da likkafaninta za ta tafi.

Likkafanin nan yana da tarihi. Shekara ashirin da suka wuce ita da Hadi suka sayi bandir guda na farin yadi a wani shago a Misfala, suka wanke shi da Zamzam kamar yadda alhazai suke yi, suka shanya a saman bene. Da ya bushe Hadi ya ƙi neman almakashi, ya ciza gefen da haƙori ya yage, yagun ya tafi a karkace, rabinsa ya fi nata tsawo da kusan kamu guda. Ta yi ƙorafi, ya ce ai ya fi ta tsawo, adalci ke nan. Rabinsa yana tare da shi. Nata yana cikin jakar matashin kai a saman kabad da ƙullin kafur, kuma duk bayan wata biyu sai ta sauko da shi ta baza ya sha iska.

Haka aka shirya akwati: abaya uku, magungunan gwiwa, dabino, garin yaji, buta ƙarama don ba ta yarda da banɗakin otal ba, sannan likkafani a ƙasa. Manal ta saya mata rigar wanka irin mai rufe jiki duka har kai, tsohuwar ta ɗaga ta ta duba gaba da baya, ta ce a ba wa mai bukata.

Tafiyar ba ta yi mata daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Babban jirgi daga Jidda ta jure shi da carbi. Amma da aka kai su wani ƙaramin jirgin sama da ke zaune a kan ruwa yana rausaya kamar agwagwa, ta leƙa ta ga direbobinsa biyu da gajeren wando babu takalmi, sai ta ce wa Manal ta yafe mata nononta tun yanzu, don ba ta ga alamar za a samu lokaci nan gaba ba. Jirgin ya tashi. Manal ta yi ta taɓa ta ta duba ƙasa, tsibirai kamar an watsa kore a kan shuɗi, kowanne da zoben farin yashi. Ta duba sau ɗaya da ido guda, ta mayar da shi ta rufe.

Aka tare su da ganga da ruwan kwakwa da tawul mai sanyi. Ɗakinsu yana can ƙarshen wata doguwar gadar katako, a kan ginshiƙai, ga matakala tana sauka kai tsaye cikin ruwa. A tsakiyar ɗakin an sa gilashi a ƙasa don mutum ya kalli kifaye yana zaune. Abu na farko da Hajiya Mairama ta yi shi ne ta jawo darduma ta rufe gilashin. Na biyu, ta sa aka nuna mata alƙibla, kuma ta yi mamaki ƙwarai da ta ji wai Makka tana can nesa ta arewa maso yamma, abin da a gida mutum zai leƙa taga ya hango hasumiyar agogo ya daidaita.

Kwana biyu ta yi a kujerar baranda, baya ga teku. Manal ta sa gilashin ido da bututun numfashi ta shiga ruwa, ta fito tana ba da labarin kifi mai launin lemo da kunkurun teku da ya bi ta gefenta. Ta hau ƙaramin kwalekwale mai gani har ƙasa, ta zagayo ta gaban ɗakin tana ɗaga hannu. Uwar takan ce masha Allah ba tare da ta juyo ba. Abincin dai ta yaba masa, musamman gasasshen kifin, bayan ta barbaɗa masa yajinta. Ma'aikatan kuwa da suka ji daga Makka take, kuma a can aka haife ta, sai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ta da hannu a ƙirji, har ta fara jin wurin ba laifi in da za a janye ruwan.

Da safiyar rana ta uku ta buɗe akwati neman magani, hancinta ya gaya mata abin da ba ta so. Iskar Makka busasshiya ce, kaya sai su shekara a ajiye ba abin da ya same su. Ta nan kuwa ɗanye take, komai ya yi laushi, har dabinon ya fara danƙo. Ta zaro likkafanin ta ji ya yi sanyi a hannu. Ba ta yi wata-wata ba ta warware shi ta baza a kan gadonta daga kai har ƙafa don ya sha iskar na'urar sanyaya ɗaki, kamar yadda take yi a gida, suka fita karin kumallo.

Da suka dawo ɗakin yana ƙamshi. An canza zannuwan gado, an ja su sumul, an naɗe tawul biyu an yi siffar tsuntsaye suna haɗa baki, an zuba musu jajayen furanni. Likkafani babu shi.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga matashin kai, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta warware tsuntsayen nan biyu ba tausayi. Sannan ta zauna a bakin gadon, ta ce da muryar da Manal ba ta ji ba tun ranar rasuwar Hadi, "Ina anka kai shi? Ɗan'uwan na Hadi na."

Manal ta kira ofis. Aka turo yaron ɗaki, wani saurayi mai ladabi da bai daɗe da fara aiki ba, ya ce farin zane ya gani a kan farin gado, ya tattara duka ya sa a buhun wanki. Aka turo babbansa, aka turo babban babbansa. Duk suka ba da haƙuri, suka ce za a kawo mata sabon yadi mafi kyau, ko nawa take so. Manal ta rasa yadda za ta fassara wannan, sai ta bar shi. Ta yi musu bayanin mene ne zanen, nan take fuskokinsu suka canza. Matsalar ita ce ba a wanki a wannan tsibirin. Kowace safiya kwalekwale yana kwashe buhuna ya kai wani tsibirin da ke hange, inda mutanen gari suke zaune, kuma na yau ya riga ya tafi. Zannuwa ɗari-ɗari, duk farare. Aka buga waya can ba a ɗauka ba. Manajan ya ce zai aika mutum ya duba, a kwatanta masa alama.

Hajiya Mairama ta ce ba mai gane shi sai ita. Ta miƙe ta ɗauki sandarta.

Wadda ta rantse ba za ta sake taka abin da ke yawo a kan ruwa ba sai ranar komawa, ita ce ta riga kowa shiga kwalekwalen inji, har tana ce wa matuƙin ya ƙara wuta. Aka sa mata rigar ceto mai ruwan lemo a kan abaya ba ta ma lura ba. Tafiyar minti ashirin ce. Tana zaune tana lissafa abin da injin wanki zai yi: sabulu, ruwan zafi, maganin fari, Zamzam ɗin da ita da Hadi suka ɗebo da jarka duk ya bi magudana. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi tsorata ta shi ne a ga ba shi da kalmasa a ɗauka tsumma ne a yayyanka.

Suna dab da isa matuƙin ya kashe inji. Ruwa ya janye, ya ce, kwalekwalen ba zai kai gaɓa ba sai bayan awa biyu, in ba haka ba duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa za su fasa cikinsa. Tsakaninsu da yashi akwai tafiyar da ta kai daga ƙofar gidansu zuwa shagon kan kwana, ruwan kuwa iya cinya. Ya ce Hajiya ta jira, shi da Manal za su taka su je. Kafin Manal ta gama fassarawa, tsohuwar ta yi bismilla ta zura ƙafa ɗaya waje.

Ta yi zaton sanyi, sai ta ji ɗumi. Ta yi zaton laka, sai ta ji yashi mai laushi yana shiga tsakanin yatsunta. Abayar ta buɗe a kan ruwa ta kewaye ta. Ta yi taku uku tana dogara sanda, a na huɗu ta lura sandar ba ta aikin komai. Gwiwoyin da suka shekara goma suna yi mata tsiya a kowace matakala sun yi shiru, ruwan ya ɗauke musu nauyin. Wasu ƙananan kifaye masu zane baƙi da fari suka zo suna zagaya ƙafafunta, ta ce musu su ba ta hanya tana sauri. Manal tana biye da ita tana haki, ta kasa cim mata.

Gidan wankin wata doguwar rumfa ce a bayan masallacin garin, injuna suna ruri, zafi kamar gidan burodi. Mata suna ta ninke zannuwa. Da ganin tsohuwa a jiƙe sharkaf da rigar ceto, duk suka tsaya. Matuƙin ya fara bayani da yarensu, bai kai rabi ba wata dattijuwa siririya, sa'ar Hajiya Mairama, wadda suke kira Hawwa, ta ajiye abin da ke hannunta ta shiga wani ɗaki. Ta fito da ƙunshi a kan hannu biyu, an naɗe shi a cikin sabuwar jakar matashi.

Ta bakin matuƙin, daga shi zuwa Manal, labarin ya iso. Hawwa ce ke ware buhuna. Ta zazzage wannan, ƙamshin kafur ya buge ta. Ta ga yadi ba ɗinki, ba tambarin otal. Ita ce ke yi wa matan garin wanka idan sun rasu, shekara talatin, ba ta bukatar a gaya mata. Ta ƙi bari ya taɓa ruwa, ta ninke shi ta ɗora a saman kabad, ta ce mai shi zai zo.

Hajiya Mairama ta goge hannuwanta a mayafin Manal, don shi kaɗai ne busasshe, ta karɓa. Ta bi gefen da yatsa har ta kai inda yagun ya karkace. Nan hawaye suka zubo mata, ta bar su. Ta rungume Hawwa, ta jiƙa ta ita ma, matan suka yi ta dariya. Aka kawo shayi baƙi da wani ƙosan kifi mai yaji. Da Hawwa ta ji daga ina baƙuwar take, sai ta kama hannunta ta riƙe gam. Shekara tara ke nan sunanta yana layin masu jiran kujerar hajji. Ba ta roƙi komai ba sai a ambaci sunanta a gaban Ka'aba. Hajiya Mairama ta ce sunan kaɗai ya yi kaɗan. Ta sa Manal ta rubuta mata lambar waya da kwatancen gidan Rusaifa, ta ce duk ranar da Allah ya kira ta Makka akwai ɗaki da tuwo, kuma ita da kanta za ta riƙe hannunta su yi ɗawafi. Manal ta ɗago daga rubutun ta dubi uwarta. Layin nan zai iya kai wasu shekaru, kuma wannan ne karon farko tun rasuwar Hadi da ta ji tsohuwar ta yi alkawarin abin da ya wuce mako mai zuwa.

Da suka fito ruwan bai gama dawowa ba. Kwalekwalen yana can yana jira. Suka sake shiga, Hajiya Mairama ta ɗora ƙunshin a ka kamar yadda uwarta take ɗaukar tulu a Misfala. Yanzu ba sauri, don haka ta ga abin da ta wuce ɗazu. Hasken rana yana wasa a kan yashin ƙasa. Can gaba ruwan ya canza launi sau uku kafin ya kai inda igiya ke fashewa a kan murjani. Wani kifi shuɗi mai baki kamar na aku ya wuce yana kallonta ta gefen ido. Ta tsaya. Ta lanƙwasa gwiwa ɗaya a hankali, ta miƙe, ta lanƙwasa ɗayar, babu ko ƙas.

Manal ta ce su ƙarasa, matuƙi yana jira, rana kuma ta fara zafi. Uwar ba ta motsa ba. Ta sauke ƙunshin daga kanta, abin da ba ta taɓa bari wani ya ɗauka ba shekara ashirin, ta miƙa wa 'yarta.

"Riƙa mini wanga, ɗiyata. In Allah ya so, ba yau nika bukatatai ba."

Ta miƙa mata sandar ma. Sannan Hajiya Mairama, 'yar Malam Nasrullahi Bagobiri, ta zauna a cikin teku har wuya, rigar ceto ta ɗago ta, ƙafafunta suka bar ƙasa. Ta kama dariya irin wadda Manal ta manta uwarta tana da ita, har matuƙin ya miƙe tsaye a cikin kwalekwale ya duba ko lafiya. Manal tana tsaye da likkafani a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ba ta da hannun share ido.

"Rigar nan ta wanka da kinka saya," in ji tsohuwar daga cikin ruwa, "kin ba da ita?"

Manal ta ce tana cikin akwatinta, ta ɓoye ta a ƙarƙashin kaya.

"To a hiddo ta. Kwana biyu sunka rage muna, kuma ban ga kunkurun ba."